Jarkar Hajiya Inna da Rijiyar Magarya Uku

Mahjar, ƙarfe 4:30 na asuba

Ranar Alhamis ce, cikin sanyin Janairu, muka fito daga gidan Abu Faisal da ke Mahjar, mu uku da jarka ɗaya wadda babu komai a cikinta. Ina rubuto muku wannan ne ku da ke gida Gwarzo, don na ji labarin ya riga ni isowa, har ana cewa wai mun ɓata kwana uku a sahara muna cin ciyawa. Yini ɗaya muka yi, kuma kaji muka ci.

Ni dai kun san ni, Habu tela, shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗinki a shagon da ke ƙasan gidan Abu Faisal. Shi sunansa na yanka Bashir, haifaffen Jidda ne, ma'aikaci a tashar jiragen ruwa, shekararsa hamsin da biyu. Mutumin kirki ne, amma masallacin unguwa da bai kai taku ɗari biyu daga ƙofarsa ba, da mota yake zuwa. Na ukunmu Isufu ne, mutumin Tawa ta Nijar, maigadin wani bene a Sharafiyya, wanda ya yi kiwon raƙuma kafin ya zo ƙasar nan.

Dalilin tafiyar kuwa mahaifiyar Abu Faisal ce, Hajiya Inna, wadda ta kusa tamanin. Tana yarinya 'yar shekara takwas iyayenta suka iso da ita Hijaz a ƙafa daga ƙasar Haɗeja. Sati biyu ke nan tana kwance, likita ya rubuta magani ya ce a yawaita ba ta ruwa, ita kuwa ta yi kememe. Ta ce ruwan Jidda ruwan teku ne da aka wanke, ba shi da ɗanɗanon komai, kuma ba za ta ƙara haɗiyar ƙwaya ko ɗaya da shi ba. An kawo Zamzam ta kurɓa ta yi addu'a, ta ce ba shi take nufi ba. Ruwan wata rijiya take so, a kan tsohuwar hanyar ƙafa da ayari ke bi daga Makka zuwa Madina, gaba da Usfan, inda akwai magarya uku da wani farin dutse mai kama da raƙumi a durƙushe.

Da muka shiga sallama ta dubi ɗanta daga kan gado. Ya sa sabuwar jallabiya fara, da shimag, wato ƙyallen nan ja da fari da suke yafawa a ka, da sababbin takalman gudu da ya saya jiya.

"Auta, ɗaurin aure za ka?"

"Ya Ummi, rijiyarki za mu. Amma idan na kawo za ki sha magani? Wa'ad, alkawari?"

"Kawo tukuna. Tela, ka riƙe mini shi, bai taɓa taka ƙasa ba."

Na ce in sha Allah, Hajiya. Muryarta ta yi rauni ƙwarai a ranar, kuma na ga yadda ya juya da sauri don kada mu ga idonsa.

Bab Makka, 5:05 zuwa 6:10

Tasi ta sauke mu a Bab Makka. Muka karya da gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, riyal biyar mu uku har da shayi, sannan muka yi sallar asuba. A nan ne Isufu ya fara duba kayan da aka haɗo mana. Matar Abu Faisal ta cika babbar kula da shinkafa da kaji uku, ga fulas biyu, ga darduma, ga butar alwala, ga gwangwanin halawa, ga ledar lemo. Har da filo.

Isufu ya ɗaga filon. "Wannan hwa, na mi ne?"

Abu Faisal ya ce, "Idan an gaji, ya shekh. Istiraha, ɗan hutu."

"Bon. Wa za ya ɗauka?"

 Filo dai ya kwana a shagon mai ful, muka ce za mu dawo mu karɓa, har yau ba mu koma ba. Sauran kayan muka raba. Ni na ɗauki fulas da darduma, Isufu ya aza kula a ka, Abu Faisal ya rungume jarkarsa mai cin lita goma, ya ce wannan amana ce, ba ya ba kowa. Na lura amanar ce ta fi komai rashin nauyi, amma ban ce komai ba, mai gidan haya ne.

Motar Usfan tsohuwar Kiresida ce, riyal goma sha biyar kowane mutum. Direban ya tambaye mu ko gona za mu aiki. Da Abu Faisal ya ce yawo za mu a ƙafa, sai ya ƙara muryar rediyo bai sake kula mu ba.

Wurin taftish, 6:50

A bayan gari akwai shingen duba takardu. Abu Faisal ya miƙa katinsa na ɗan ƙasa, ni da Isufu muka miƙa iƙamarmu, wato takardar izinin zama. Takardu lafiya lau, amma askarin, wato sojan da ke wurin, ya leƙo ya ga kula da darduma da jarka, sai ya ce ina zuwa.

"Za mu ɗebo ruwa," in ji Abu Faisal.

"Zamzam? Kun ɓata hanya, Makka tana can."

"La, la. Rijiya ce a bayan Usfan."

"Ruwa ya ƙare a Jidda ne?"

Abu Faisal ya shiga bayani da Larabci, tun daga Haɗeja har zuwa likita. Askarin ya kira abokin aikinsa ya ce a maimaita masa. Na biyun ya kwance murfin jarka ya shinshina, ya girgiza ta, ya ɗaga ta sama yana hangen cikinta. Daga ƙarshe ya mayar, ya dafa kafaɗar Abu Faisal ya ce tunda uwa ce ta aike shi, Allah ya ba shi ikon cikawa. Sai ya dubi tumbinsa, ya dubi sababbin takalman, ya ƙara da cewa Allah ya ba abokan tafiyarsa haƙuri. Minti goma sha biyu muka yi a wurin.

Usfan, 7:35

Daga Mahjar zuwa Usfan kilomita saba'in ne da 'yan kai. Gari ne ƙarami, gidajen mai da shagunan shayi da manyan motoci a fake. Muka tambayi mai shayi tsohuwar hanyar raƙuma. Ya fito da mu bayan shagonsa ya nuna arewa da ludayi. Ya ce mu bi kwarin har ya ƙuntata, za mu ga an jera duwatsu gefe da gefe, ita ce hanyar, kuma ba ta tsayawa sai Madina. Rijiyar dai bai san ta ba, amma ya ce makiyaya za su sani. Idan muka miƙe, in ji shi, za mu sake faɗawa kwalta kafin Khulais, kilomita ashirin daga inda muke tsaye.

"Ashirin bas, kacal?" in ji Abu Faisal. "Kakannina daga Haɗeja suka tako. Yana cikin jini, ya Habu. Yalla!"

Ƙarfe takwas daidai muka bar kwalta. Shi ne a gaba, yana kaɗa jarka yana waƙar yabo.

Kwarin farko, 8:00 zuwa 10:40

Gaskiya wurin yana da kyau. An ɗan yi ruwa makonnin baya, ciyawa ta tsiro siriri-siriri a gindin duwatsu, itatuwan ƙaya sun yi kore, iska kuma mai sanyi. Shekara goma sha ɗaya ina kallon allura da bangon shago, ban san ƙirjina ya ƙuntata ba sai da na ga sarari babu gini ko ɗaya. Na ji daɗi har raina, na kuma ji kewar gida. Hanyar tana nan yadda mai shayi ya faɗa, faɗinta bai wuce raƙumi biyu su gifta ba, duwatsun tsakiyarta sun yi sumul saboda taku.

Waƙar yabo ta mutu ƙarfe takwas da minti ashirin da biyar. Tara saura kwata Abu Faisal ya koma tsakiya. Ƙarfe tara da rabi yana can baya, sai mun tsaya mun jira shi, kuma duk sanda ya iso sai ya ce yana duba yanayin ƙasa ne.

"Isufu, mun yi kamar kilo goma ko?"

"Huɗu."

"Mustahil! Ba zai yiwu ba!"

"Huɗu, in an yi maka ragi."

Ƙarfe goma ya zauna a kan dutse ya cire takalmi. Dugadugansa duka biyu sun yi bororo. Na fito da almakashina, wanda ba na rabuwa da shi ko masallaci za ni, na yanke bayan takalman na mayar da su silifa. Yana kallo yana cewa riyal ɗari da ashirin ne, ya Habu, ɗari da ashirin. Na ce masa yanzu sun zama na riyal goma, amma za su kai shi.

Nan Isufu ya sauke kula ya ce wuyansa ba na haya ba ne, gara a ɗauki kaji a ciki da a ɗauke su a ka. Muka shimfiɗa darduma muka ci kaza biyu da rabin shinkafar, da hantsi, ba don yunwa ba. Wannan kuskure ne. Bayan cin kowa jikinsa ya mutu, Abu Faisal ya fara tambayar filo.

Hawan dutse, 10:40 zuwa 1:10

Daga nan hanya ta fara hawa cikin baƙaƙen duwatsu masu kaifi. Rana ta fito sosai. Ni ma da nake yi wa wani dariya gwiwoyina suka fara ƙara, don ƙafar tela feda kawai ta sani. Isufu kaɗai ke tafiya kamar an aike shi kasuwa, hannu a baya, kula a ka.

Sha biyu saura kwata, a kan tudu, Abu Faisal ya zube. Ya ce halas, ya gama, mu karɓi jarka mu je, shi zai jira a nan. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya ƙi saki. Ya daɗe yana huci yana kallon hanyar da ta miƙe gaba.

"'Yar shekara takwas," ya ce. "Babu takalmi ma, ya Habu. Ta faɗa mini ban taɓa ji da kyau ba."

Ya dafa dutse ya miƙe. Isufu ya rage sauri.

A gangare muka haɗu da wani dattijo Balarabe da awakinsa da jaki. Muka yi sallama, ya amsa yana ƙare mana kallo, musamman silifar Abu Faisal. Da ya ji magarya uku da farin dutse sai ya gyaɗa kai. Ya ce magarya saura biyu, ambaliya ta tafi da ɗaya tun yana saurayi, amma rijiyar tana nan da ruwanta. Ya ce kakansa ya ba shi labari a nan Takarna, wato mutanenmu, suke yada zango. Da muka tambayi nisa ya ce kusa ne, shan sigari ɗaya. Ban san irin sigarin da suke sha a dutsen nan ba, mu dai awa ɗaya da minti biyar muka yi.

Rijiya, 1:10 zuwa 3:00

Farin dutsen muka fara hangowa. Ni ban ga raƙumi a jikinsa ba, amma Isufu ya ce raƙumi ne, kuma shi ya san raƙumi. Ga magarya biyu da kututturen ta uku, ga rijiya an ɗaure bakinta da duwatsu, ga kwami na shayar da dabbobi. Kilomita goma sha ɗaya daga Usfan. Abu Faisal ya yi kabbara, ya ruga da silifarsa, ya kwance murfin jarka, ya leƙa rijiya. Sai ya tsaya. Ya zagaya ta sau ɗaya. Ya sake zagayawa.

"Ina famfon?"

Isufu ya sauke kula a hankali ya dube ni. "Malam Habu, ina guga?"

Ku da ke gida, ku yi mini duk dariyar da za ku yi, na cancanta. Abu Faisal bai taɓa ganin rijiya ba sai a talabijin, ba a kama shi da laifi. Isufu ya ce shi ya ɗauka guga na cikin ledar lemo. Amma ni, da na tashi ina jan ruwa a rijiyar ƙofar gidanmu har tafin hannuna ya yi kanta, na zauna daren jiya na lissafa fulas da darduma da halawa, ban tuna guga da igiya ba. Zaman Jidda ya mayar da ni mutumin da ke murɗa ƙarfe ruwa ya zubo. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Muka yi taimama muka yi azahar, don ruwan buta mun shanye shi a hawan dutse. Bayan sallama Isufu ya jefa tsakuwa ya saurara, ya ce gaba shida ne zuwa ruwa. Sai na dubi abokan tafiyata da idon sana'a. Wandunan da ke jikinmu mu uku ni na ɗinka su, kuma duk Mahjar an san ba na sa roba a wando, zariya nake sawa mai ƙwari.

"Kowa ya zare zariyarsa," na ce.

"Ya Habu, ittaƙillah, ka ji tsoron Allah!" in ji Abu Faisal.

"Hajiya tana jira."

Ya zare. Tawa da ta Isufu kowace mita ɗaya da rabi ce, ta Abu Faisal kuwa biyu da rabi cif, ni na auna ta da hannuna, kuma ranar ce tumbinsa ya yi wa jama'a amfani. Na karɓi shimag ɗinsa na tsaga shi gida huɗu, na haɗa da tef ɗin awona, na ƙulla su duka ƙullin da ba ya zamewa. Isufu ya sa dutse a cikin buta don ta nutse, ya ɗaura ta a ƙarshen zariyar Abu Faisal. Haka muka tsaya a bakin rijiya, manya uku masu iyali, kowa hannu ɗaya a igiya, ɗaya a ƙugu.

Buta ta farko da ta fito, Abu Faisal ya karɓe ta da hannu biyu, ya manta da wando. Ba zan faɗi abin da ya biyo baya ba, jallabiya ta rufa asiri. Ruwan yana da sanyi, launinsa kamar an wanke gero. Na ɗanɗana na tofar. Gishiri-gishiri, ɗaci-ɗaci, ga warin awaki. Muka dubi juna. Ko dai ba ita ba ce? Wace tsohuwa za ta ƙi Zamzam saboda wannan? Abu Faisal ya ce magarya ga ta, dutse ga shi, a cika kawai.

Buta takwas muka juye lafiya. A ta tara, shimag ya yage daga tsakiya, ba daga ƙullina ba, wannan ina so a rubuta. Buta da tef da zariyar Abu Faisal suka koma ƙasa, muka ji ƙarar faɗawarsu. Muna tsaye cirko-cirko sai ga dattijon nan ya iso da awakinsa, wasu makiyaya biyu na biye da shi. Ya sauke guga na roba da igiya doguwa daga bayan jakinsa. Ya dubi tsumman da ke hannunmu, ya dubi yadda kowa ya riƙe ƙugu, sai ya zauna a bakin kwami ya yi dariya har da tari.

"Me ya hana ku tambaya ɗazu? A gabanku jakin ya wuce!"

Guga ɗaya ya ja ya cika jarkar har baki. Ya ce mu bar butar, gobe zai fito da ita da ƙugiya, kullum a nan suke shayarwa. Muka juye musu sauran kaza da shinkafa da halawa, suka ba mu nonon akuya a kwano. Ni da Isufu muka mayar da zariyarmu a jiƙe. Abu Faisal na ɗaure masa ƙugu da guntun shimag, na gargaɗe shi cewa yadin santsi gare shi, ya riƙa dubawa.

Daga rijiya zuwa kwalta, 3:00 zuwa 5:40

Saura kilomita tara, kuma yanzu amanar ta yi nauyi. Isufu ya ce a kawo ya aza a ka, tunda kula ta zama fanko. Abu Faisal ya ƙi. Ya ɗora a kafaɗar dama, ya mayar hagu, ya rungume a ciki, ya sake mayarwa kafaɗa. Zufa ta jiƙa jallabiyar har ta manne. Muka tsaya la'asar ƙarfe huɗu saura minti goma, ko a salla jarkar na gabansa.

Huɗu da minti ashirin, a wani gangare mai tsakuwa, abin da na yi gargaɗi a kai ya faru. Hannayensa biyu suna kan jarka, ɗaurin ya zame, wando ya sauka ya harɗe masa ƙafa. Ya tafi gaba, jarka ta tafi gabansa. Ta daki dutse, ta yi tsalle, ta sake dakan wani, ta tsage daga gindi. Isufu ya bi ta da gudu ya kifa ta, amma kafin nan yashi ya sha rabonsa. Muka tsiyaye abin da ya rage a cikin fulas ɗin shayi. Bai kai rabin fulas ba.

Dariya ta taso mini, don faɗuwar ta kai a yi mata dariya, amma da na ga fuskarsa sai ta koma. Yana zaune a ƙasa, gwiwa tana jini, yana kallon inda yashi ya jiƙe. Ya ce mu koma. Isufu ya nuna masa rana ya ce in muka koma dare zai same mu a dutse, makiyayan ma sun tashi. Na zare zariyata na ba shi, ni na riƙe nawa wandon da hannu har kwalta, kilomita huɗu. Fulas ɗin kuwa cikin jallabiyarsa ya sa, a ƙirji.

Bakin kwalta zuwa Jidda, 5:40 zuwa 7:50

Mun fito daidai wani gidan mai da ɗan kanti, kafin Khulais. Muka sha ruwan gora kamar raƙuma, muka yi magariba. A nan ne na yi maganar da nake jin kunyarta. Na ce masa rabin fulas ba zai yi wa Hajiya kwana biyu ba, me zai hana mu sayi ruwan gora mu ƙara, mu ɗan sa gishiri, ta samu na sati guda tana shan magani. Ai don lafiyarta ne.

Ya dafa fulas ɗin da ke ƙirjinsa. Sannan ya ce, "Ya Habu, tun ina yaro nake yi mata ƙarya ƙanana. Na ci abinci, na je makaranta, na daina sigari. Wannan ɗin la. Ko cokali ɗaya ne, nata ne."

Motar haya ba ta tsaya mana ba, kuma ban ga laifin direbobin ba, ko ni ba zan ɗauki mutum uku masu irin kamarmu ba. Wani mai wanet, wato a-kori-kura, da zai kai raguna kasuwar dabbobi ta Jidda, shi ya tausaya. Ya ce gaba mutum ɗaya take ci. Muka tura Abu Faisal gaba da fulas ɗinsa, ni da Isufu muka hau baya cikin raguna goma sha huɗu. Ɗaya daga cikinsu ya ci gefen dardumar tun daga Usfan har shingen taftish. Direban ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce a gaishe da tsohuwa.

Mahjar, 7:50

Muka shiga ɗakin Hajiya Inna yadda muke, da ƙura da warin raguna. Matar Abu Faisal ta tayar da ita zaune. Ta dubi ɗanta tun daga kai, inda babu shimag, har silifa.

"Auta, fashi aka yi muku?"

"La ya Ummi. Ga ruwanki. Kaɗan ne, saura ya zube."

Ya tsiyaya a ƙaramin kofi. Ta shinshina. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta yamutsa fuska kamar ta tauna maɗaci. Na ce a raina shi ke nan, mun ɗebo rijiyar wasu.

Ta haɗiye ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Duk duniya babu ruwa marar daɗi irinsa."

Muka fashe da dariya, har da ita, dariyar da ta sa ta tari. Abu Faisal ya ce to don me, ya Ummi, aka wahalar da mu a kan wannan? Ta sake kurɓa, ta riƙe kofin da hannu biyu.

"A gindin magaryar nan muka bar innata. Zazzaɓi ne. Kwana biyu ina ɗiga mata ruwan nan a baki da tsumma, rana ta uku ta cika, aka binne ta, ayari ya tashi."  Ɗanta ya durƙusa a gaban gadon, a kan gwiwar da ke jini, don bai taɓa jin wannan ba. Ta ce, "Auta, faɗa mini gaskiya. Wurin kango ne? Babu kowa?"

"Akwai mutane, ya Ummi. Makiyaya. Kullum suna zuwa shayarwa, da awaki da jakuna, suna hira suna dariya. A nan muka yi azahar."

"Kullum?"

"Kullum. Tambayi Habu."

Na ce haka ne, Hajiya, da idona na gani.

Ta rufe ido ta ce, "Alhamdu lillahi. Shekara saba'in ina cewa ita kaɗai ce a dajin nan." Sannan ta miƙa wa surukarta tafin hannu. "Ba ni ƙwayar."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa dattijo mai guga da mai wanet da ban san sunayensu ba, da Isufu da bai taɓa goranta mana ba. Na sauko shago ƙarfe takwas da rabi, hannuna ɗaya a ƙugu. Har na rufe ƙofa ina jiyo Hajiya a sama tana cewa a dama mata kunu.